Amsa ga Kawu a Mabera: yadda baƙo ke sauka a Landan

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina gaida Hajiya da yara da dukan mutanen gida. Ya damina? Allah shi sa a girbe lafiya.

Saƙon muryar da ka aiko ranar Juma'a sau uku na saurare shi. Ka ce tun da na faɗa maka autanka zai sauka wajena mako biyu ne kawai kafin ya koma ɗakin da makaranta ta ba shi, maganar ta tsaya maka a rai. Ka tambaya ko mu da muka daɗe a nan mun daina karɓar baƙo ne, kuma ko gaskiya ne sai mutum ya buga waya ya nemi izini kafin ya taka gidan ɗan'uwansa. Har ka tuna mini cewa a 1824, da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa Waziri Giɗaɗo ya sauke shi, ya yi kusan wata biyu ana ɗawainiya da shi, alhali ba dangin iya ba na baba. Ban iya amsa maka a waya ba domin bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna na rubuta, kuma zan faro daga ranar da ni kaina na iso garin ga ina baƙo, don daga nan ne maganar take da tushe.

A watan Nuwamba na sauka filin jirgin Heathrow, bayan tafiyar awa shida da 'yan kai daga Abuja. Da rana muka sauka, amma kafin in fito daga layin jami'an shige da fice gari ya yi duhu. Na duba agogo, ƙarfe huɗu da rabi. Sanyin kuma daban yake da hunturunmu. Namu busasshe ne, da hantsi ya ɗaga sai ya saki mutum. Na nan mai danshi ne, yana ratsa takalmi ya kama yatsu, kuma ana iya yin mako guda ba a ga ƙwayar rana ba, sai gajimare da yayyafi. Duk wannan an riga an ba ni labarinsa. Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne shirun mutane.

Na shiga jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari, wanda suke alfahari da shi don tun 1863 aka buɗe layinsa na farko, yanzu kuma tashoshinsa sun kai 272. Taragon maƙil yake, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe. Kowa ya sa ido a jarida ko waya. Na zauna kusa da wani dattijo mai furfura, na gaishe shi da Turanci kamar yadda aka hore mu. Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan gyaɗa kai, ya jawo jakarsa ya rungume. Kusan awa guda muna zaune tare, kalma ba ta ƙara shiga tsakaninmu ba. Kawu, kai ka san motar Illela: kafin a kai Kware an san wanda zai je biki da wanda zai je gaisuwar rasuwa, an yi musu a kan farashin gero, wani ya ɓare goro ya miƙa baya. Daren nan na kwanta a ɗakin da ban san kowa a gidan ba, na kasa kunne ko zan ji kiran isha'i daga wani wuri, ban ji ba. Ban taɓa sanin kiran salla ne ke riƙe mini lissafin wuni ba sai da na rasa shi.

Na ɗauki lokaci ina ganin mutanen nan girman kai ke gare su. Daga baya na gane shirun nan shi ne irin tasu kunyar. A wurinsu, barin mutum da abin da ya dame shi, ba a tambaye shi daga ina ko zuwa ina ba, girmamawa ce. Wata tsohuwa Baturiya da ke ƙasan benenmu ta yi shekara guda gaisuwarmu ba ta wuce murmushi a bakin ƙofa ba. Ranar da aka kwantar da uwargidana asibiti za ta haihu, da na dawo da dare na tarar da 'yar takarda an zuro ta ƙarƙashin ƙofa: ta rubuta cewa ta ga motar asibiti, ta karɓar mana kayan da aka kawo, in kuma ana bukatar wanda zai zauna da babban yaronmu tana nan. Ashe duk shekarar nan tana lura da mu.

Garin yana da ƙa'idojin da ba a rubuta ba, kuma baƙo da jikinsa yake koyonsu. A matakalar lantarki ta tasha a dama ake tsayawa, hagu hanyar masu sauri ce. Layi ba a tsallake shi ko da sanda kake dogarawa, sai dai wani ya ba ka wuri don kansa. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin biyan kuɗin sufuri da ake kira Oyster ko katin banki. In an ce ƙarfe tara, to tara ɗin ce, wanda ya zo tara da kwata ya nemi wata ranar. Waɗannan cikin wata guda mutum ke sabawa da su.

Salla ita ce ta fi ba ni aiki a shekarar farko. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu kuma ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duka uku sai su riske ka a wurin aiki, a jere, tsakanin sha biyu da huɗu. A inda na fara aiki wani ɗan ɗakin ajiye tsintsiya da bokiti aka bar mini, in shimfiɗa kwali in yi salla, goshina kusa da ƙafar kanta. A watan Yuni kuma sai abin ya juye: magariba bayan tara na dare, alfijir wajen uku. Azumin 2016 da ya faɗo a Yuni mun yi ta kai awa goma sha takwas da ɗoriya, tsakanin buɗe baki da sahur da ƙyar ake samun sararin tarawihi da ɗan runtsawa. Sai dai ba ƙishirwa irin ta Sakkwato a watan Afrilu, wannan kam Allah ya sauƙaƙa mana. Musulmi kuwa ba kaɗan ba ne. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Landan sun kusa miliyan tara, kashi 15 cikin ɗari Musulmi ne, magajin garin ma, Sadiq Khan, Musulmi ne, tun 2016 yake kan kujerar. Akwai babban masallaci a gefen lambun Regent's Park, akwai na Whitechapel a gabashin gari, wanda yana cikin 'yan ƙalilan da ake jin kiran sallarsu a titi. Ranar da na fara jinsa, na fito daga tasha ke nan, tsayawa na yi cak a gefen hanya har ladan ya gama, mutane na ta kewaye ni suna wucewa.

Hausawa dai mu ƙalilan ne a nan, kuma a warwatse muke. In ka ji an ce unguwar 'yan Najeriya, Peckham ake nufi, mafi yawansu kuma Yarbawa ne. Mu ba mu da zango irin na Kumasi ko Sabon Ibadan inda baƙo zai sauka ya tambayi gidan sarkin Hausawa a nuna masa. Na yi wata biyu ban ji Hausa daga bakin kowa ba sai a waya. Rannan ina kasuwar Ridley Road ina neman kuɓewa, sai na ji wani a bayana yana waya yana cewa, "Ka hwaɗa mai shi zaka gobe." Kawu, jikina har rawa ya yi. Na jira ya gama, na yi masa sallama. Dattijo ne mutumin Gusau, ya fi shekara ashirin a garin. Bai tambaye ni sunana ba sai da ya tambaye ni ko na ci abinci. Ranar a gidansa na ci tuwo da miyar kuka, shi ya kai ni na yi rajista da likitan unguwa, shi ya nuna mini mahaucin da ke sayar da naman halal mai sauƙi, shi ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa da na yi hunturu biyu da ita. Ta hannunsa na san sauran: 'yan Kano da Katsina, 'yan Maraɗi da Damagaram, 'yan zangon Gana, har da jikokin alhazan da suka zauna Sudan, masu Hausa gauraye da Larabci. A gida kowa da garinsa yake taƙama. A nan duk wanda ya amsa "lafiya lau" ɗan'uwa ne.

To yanzu ga maganar masauki. A Mabera gidanka na kanka ne, akwai zaure, akwai shago a waje, in baƙi sun yi yawa a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mu yawancinmu haya muke, kuma haya a nan wata-wata ake biya, ba shekara-shekara ba. Kafin a ba ka makulli sai ka ajiye kuɗin jingina, wanda doka tun 2019 ta ce kada ya wuce hayar mako biyar. Ga harajin ƙaramar hukuma a kan gida, ga wuta, ga gas na ɗumama ɗaki, ga ruwa. Mutane da yawa kusan rabin albashinsu a nan yake tafiya. A takardar yarjejeniyar haya kuma an rubuta sunan duk baligin da zai zauna a gidan. Baƙon kwana kaɗan ba laifi, amma in ya daɗe ya zama mazauni, mai gida na da ikon cewa an karya yarjejeniya. Ya taɓa faruwa da ni. Wani ɗalibi ɗan garinmu ya rasa ɗaki na ajiye shi a falo, da aka shiga mako na biyar sai ga takardar gargaɗi daga mai gidan. Daren nan ban yi barci ba, ina tunanin yadda zan dubi idon yaron in ce ya tashi. Da safe na faɗa wa dattijon nan na Gusau. Kafin la'asar an samo gida uku da za su karɓe shi, kowane mako biyu, har ya samu wurinsa. Tun daga lokacin haka muke yi wa duk sabon zuwa. Baƙo ɗaya, masu masauki huɗu ko biyar, ana miƙa shi hannu da hannu. Gidana ɗaki biyu ne da falo, mu shida ne a ciki. Mako biyun da na ce maka nawa kason ke nan, kuma in ɗakin makaranta ya yi jinkiri, an riga an san gidan da zai koma daga nawa.

Buga waya kafin ziyara kuma gaskiya ne, muna yi, ni ma ina yi. Mutanenmu akwai likitoci da ma'aikatan jinya, akwai masu kula da tsofaffi, masu gadi, direbobi. Da yawa aikin dare suke, kuma da awa ake biyansu. Wanda ka ƙwanƙwasa wa ƙofa da hantsi wataƙila ƙarfe takwas na safe ya dawo, matarsa ta fita nata aikin, shi kuma ƙarfe uku zai tashi ɗauko yara daga makaranta. Ga nisa. Daga Barking a gabas zuwa Hounslow a yamma awa ɗaya da rabi ne a jirgi, kamar ka tashi daga Sakkwato zuwa Illela, duk a cikin gari ɗaya. Ba wanda zai yi wannan tafiyar ya tarar da ƙofa a kulle. Don haka zumuncinmu sai an sa masa rana. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, a nan kuwa sai da kalanda ƙafar ke tashi. Ba zan ɓoye maka ba, ina kewar a ce ina zaune kawai in ji sallama a zaure ban san ko wane ne ba. Wannan daɗin mun rasa shi, kuma 'ya'yanmu ba su ma san akwai shi ba.

Suna ma haka yake. Ranar bakwai liman da mutum biyar ko shida za su zo falo a raɗa suna, ragon kuwa a gida ake yanka shi, domin yanka irin namu doka ba ta yarda a yi shi a tsakar gida ba sai a mayanka mai lasisi. Shi ya sa kake ganin muna turo kuɗin rago, na suna da na layya. Taron sai Asabar ko Lahadi, a kama zauren taro na haya, mata su raba girki, wannan ta yi waina, waccan ta yi dambu, wata ta dama fura. Salla ba ranar hutu ba ce a ƙasar, sai mutum ya nemi izini tun da wuri daga cikin kwanakin hutunsa na shekara. Abin da ya fi ɗaure mini kai da farko shi ne ganin wata. Mu mun tashi kunnenmu na fadar Sarkin Musulmi, in ya yi sanarwa magana ta ƙare. A nan wasu masallatai Saudiyya suke bi, wasu Maroko, sai ka ga maƙwabcinka na cin abincin salla kai kana azumi. Mu dai mun daidaita a kan kowa ya bi masallacin unguwarsa, taronmu na gaisuwar salla kuma a ƙarshen mako.

Inda za ka san ko jama'a na da rai shi ne ranar mutuwa, kuma a nan ne na daina shakkar mutanenmu. A Sakkwato wanda ya rasu da asuba kafin azahar an dawo daga maƙabarta. A nan sai an samu takardar likita, an yi rajistar mutuwar a ofishin hukuma, in kuma farat ɗaya ce sai jami'in binciken mutuwa ya saki gawa. Kabari saye ake yi, kuɗin jana'iza dubban fam ne. Na farko da na halarta wani magidanci ne ɗan Nijar da ya faɗi a wurin aiki. Ba shi da kowa a ƙasar, iyalinsa na gida. Aka sa sanarwa a zaurenmu na WhatsApp bayan isha'i, kafin wayewar gari an haɗa fiye da rabin kuɗin, har ɗalibai masu fam goma na turowa. Kwana biyar muna zirga-zirgar takardu. Mu huɗu muka yi masa wanka a ɗakin wankan gawa na masallaci, biyu daga cikinmu ba su taɓa ganinsa da rai ba. Muka kai shi maƙabartar Musulmi ta Hainault ana yayyafi, ƙasar jiƙe tana manne wa shebur. Wani ya riƙe waya a sama domin matarsa da mahaifiyarsa su ga an sa shi a makwanci. Mutane sun bar aikin wuni guda, wasu ba za a biya su ba, don su tsaya a sahu.

Akwai inda nake jin tsoro, kuma gara ka ji daga bakina. Yara ne. A makaranta malama na cewa yaro ya dube ta cikin ido in tana magana, a gida muna cewa ya sunkuyar da kai gaban babba. Ɗana na fari ya taɓa dawowa da takarda cewa ba ya sauraron malama, alhali ladabin da na koya masa yake yi. Sai da na je na yi mata bayani, shi kuma na zaunar da shi na ce kowane wuri da irin gaisuwarsa. Malami ba ya dukan yaro a nan, iyaye ma in duka ya bar tabo hukuma na shigowa. Hausa kuwa suna ji sarai, amma da Turanci suke mayar da amsa. Muna da makarantar Asabar da Lahadi, ana karatun Alƙur'ani, ana koya musu gaisuwa da durƙusawa. Yana taimakawa, amma awa uku a mako ba ta kai wata guda a gidanka ba. Shi ya sa nake tara kuɗin jirgi shekara biyu-biyu in kawo su, ko da zan fasa wasu abubuwan.

Game da shirin tafiyar autanka, kada Hajiya ta wahalar da kanta da kilishi ko dambun nama ko man shanu. Doka ta hana shigo da nama da kayan madara, a filin jirgi za a karɓe. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji su muka saba tahowa da su. Kada a saya masa rigar sanyi a kasuwa, ta nan ce ke maganin sanyin nan, kuma akwai guda biyu a ajiye da ɗaliban bara suka bari. Bizarsa ta ba shi damar aiki awa 20 ne a mako lokacin karatu, ka ja masa kunne kada ya ƙara ko awa ɗaya, duk wanda zai ba shi shawarar haka. Tunda a Satumba zai zo, agogonmu da naku ɗaya ne har Lahadin ƙarshe ta Oktoba, daga nan za mu koma bayanku da awa guda, sai a kula da lokacin kira.

Na riga na ɗauki hutun ranar da zai sauka. Ni da dattijon nan na Gusau za mu tsaya masa a bakin ƙofar fitowa, shi ya dage sai ya zo duk da ciwon gwiwa. Uwargida ta ce tuwon shinkafa za ta yi masa da miyar taushe. Juma'ar farko zan kai shi Whitechapel da wuri, kafin a kira salla. Ka turo mini lambar jirgin da zarar an yanki tikiti, kuma ka sa mu a addu'a in ka je Hubbare.